WA ZAI KIRA SUNANTA?

'Yan uwana mata, musamman ke da kika gama aikace-aikacenki, yara sun tafi makarantar allo, kika jawo wannan ɗan littafi don ki rage lokaci kafin a kira la'asar. Yau dai hira na zo mu yi. Wata 'yar matsala ce ta same ni a wajen rubutu, ta hana ni sakat kusan wata biyu, na nemi maganinta a littattafai na rasa, sai ga shi ashe maganin yana cikin gidanmu a nan Kebbe.

Kebbe fa na ce, ta ƙasar Sakkwato, maƙwabciyar Tambuwal. Na faɗi haka ne don sau da yawa in na ce daga Kebbe nake, sai a ce, "Au, Jihar Kebbi?" Akwai ma wanda ya taɓa buga mini littafi ya gyara mini sunan garinmu da kansa, a zatonsa kuskure na yi. Ranar na ji zafi ƙwarai, kuma tun daga nan na gane ashe harafi ɗaya a cikin suna yana iya kwashe mutum ya kai shi inda ba nasa ba.

To ga matsalar. Na ɗauko wani labari na wata mata da aka auro daga nesa, aka kawo ta wani gida a bakin gari. Mijin ya tafi ci-rani Kudu, da fari yana aike, daga baya aiken ya yanke, labari ma ya yanke. Haihuwa biyu ta yi, duk ba su zauna ba. Dangin mijin kowa ya kama gabansa. Sai ya zamana daga ita sai kajinta da 'yar akuyarta. Ta yi shara, ta ɗebo ruwa, ta yi surfe, ta dafa, ta ci, ta kwanta. Na yi ta rubutu cikin jin daɗi har na cike shafi 30 na littafin rubutu. Da na dawo ina bita, sai na ga daga farko har ƙarshe babu inda sunanta ya fito. "Ta tashi, ta zauna, ta yi tagumi." Shi ke nan.

Ke da kika saba karanta littattafanmu kin san suna ba ya ba mu wahala. Ko dai yarinya ta buɗe baki tun layin farko ta ce ni sunana wance, mahaifina Alhaji wane, ko uwa ta ƙwala mata kira daga madafa, ko kuma saurayi ya tsayar da mota ya ce, "Malama, ko zan iya sanin sunanki?" Wa ya manta da Sumayya ta cikin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991? Wa ya manta da Abu ta Wa Zai Auri Jahila? ko Rabi ta Alhaki Kuykuyo Ne, na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu? Waɗannan mata sun sha wuya, amma a cikin mutane suka sha ta. Ko mai zaginsu sai ya kama sunansu kafin ya yi zagin. Tawa kuwa ko mai zagin ba ta da shi.

Ba irin dabarar da ban gwada ba. Da fari na ce bari kawai in rubuta a layin farko, "Wata mata ce mai suna kaza." Na rubuta, na karanta, sai na ji kamar na cika mata gida da mutane, kaɗaicin nan da nake son mai karatu ta ji a ƙirjinta ya gudu. Na soke. Na sa ta tsaya gaban madubi tana kiran kanta da kanta. Da na karanta wa ƙanwata sai ta ce, "Yaya, wannan matar aljanu gare ta?" Na soke. Na ce to bari a aiko mata da wasiƙa, sunan ya fito a bayan ambulan. Sai na tambayi kaina, wa zai rubuto? In da akwai mai rubuto mata wasiƙa ai da labarin bai taso ba. Na ce to ta yi mafarki da mahaifiyarta tana kiran ta. Nan ma na tsaya cak, don na riga na rubuta cewa ita 'yar fari ce, kuma wace uwa ce a ƙasar nan za ta kama sunan 'yar farinta, ko da a mafarki ne?

Sai na koma ina tunanin littattafan da muka karanta a sakandare, ko zan ga yadda na gaba suka yi. Na tuna Robinson Crusoe na Daniel Defoe, mutumin Ingila, wanda ya fito tun 1719. Jirgin ruwa ya fashe da mutum, ya yi shekara 28 a tsibiri, mafi yawansu shi kaɗai. Aku ya kama ya koya wa magana, har wata rana yana barci akun ya tashe shi da kiran sunansa, ya farka a firgice. Kin ga ko namiji, ko Bature, kunnensa na ƙishin jin sunansa. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da Allah Ya kawo masa ɗan Adam ɗan uwansa, bai tambaye shi sunansa ba. Ya dubi ranar da ya cece shi, Juma'a ce, ya laƙaba masa sunan ranar, kamar yadda mu za mu ce Ɗanjuma, ya kuma koya masa ya riƙa ce masa maigida. Sunan da uwar bawan Allah nan ta san shi da shi, har littafin ya ƙare ba mu ji ba.

Na tuna da Mariama Bâ ta ƙasar Sanigal, da littafinta So Long a Letter, wanda ya fara fitowa da Faransanci a 1979. Mace ce cikin takaba, tana zaman wata huɗu da kwana goma, ta ɗauki alƙalami tana rubuta wa aminiyarta A'ishatu doguwar wasiƙa. Da sunan aminiyar ta buɗe, da nata sunan, Ramatoulaye, wato Ramatu a bakinmu, ta rufe. Dabara ce mai kyau, sai dai ita malamar makaranta ce, tana da alƙalami, tana da aminiya. Tawa ba ta da ko ɗaya.

Na kuma tuna Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, na 1934. In kika tambaye ni yau, zan kawo miki sunan Makau, in kawo na Abdulkarim. Amma matar nan da ta bar gida ta shiga duniya neman ɗanta, ta faɗa hannun masu bautar da mutane, ta ƙetare hamada, wadda ta fi kowa ba ni tausayi a littafin, "uwar Umar" kawai ta zauna mini a kai. Kuma ban ga laifin kowa ba, ɗanta ne ke ba da labarin, ɗa kuwa ba ya gatsa sunan uwarsa.

A nan ne na ajiye biro na fara lissafi. Shin wai su wa ke kiran sunan mace a ƙasar Hausa? Ran suna dai an yanka rago, liman ya raɗa, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, mata sun yi guɗa. Ranar kowa ya ji. Daga nan fa sai a fara lulluɓe shi. In sunan kaka aka mayar, sai a ce Ummi ko Mama ko Inna, don surukai ba za su iya faɗa ba. In ran Alhamis aka haife ta, Lami. In ran Talata, Talatu. In ta biyo bayan maza, Kande. In ta biyo tagwaye, Gambo. In ita ce ta ƙarshe, Auta. Fatima ta koma Binta, Hadiza ta koma Dije, A'ishatu ta koma Indo, Hauwa'u ta koma Kulu. Ta yi aure, ta zama Amarya. Aka yi mata kishiya, ta zama Uwargida. Ta haihu, ta zama Maman wane. Allah Ya kai ta Makka, ta zama Hajiya. Ta tsufa, ta zama Inna ko Gwaggo ko Kaka. Maigida kuwa, in na da ne, "ke" ta ishe shi har su rabu.

Kada ki ce ina kushe alkunya. Wallahi ko kusa. Ni kaina har gobe ba na iya kama sunan surukata, kuma ɗana na fari da laƙabi nake kiran sa. Abin ado ne, tarbiyya ce da muka gada. Amma na lura sunan da aka ɓoye don kunya kowa ya san shi, ana kewaye shi ne kamar yadda ake kewaye shimfiɗar babba. Akwai kuma sunan da aka daina faɗa don waɗanda suka san shi sun ƙare, na bayansu kuma ba su damu su tambaya ba. Daga waje duka biyun shiru ne, sai wadda abin ya shafa ce ta san bambancinsu.

Ban san zurfin wannan magana ba sai a kan Inna ta Ɗaki.

Tun ran da aka kawo ni gidan mijina na iske ta. Ɗakinta na can ƙurya, bayan rumbu. Matar ƙanen kakan maigidana ce, an auro ta tana yarinya daga wani ƙauye can wajen Zamfara. Mijin ya rasu da daɗewa, 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya rayu, nata dangin kuma zumunci ya yanke. Ba a wulaƙanta ta ba, gaskiya. Tuwonta ba ya yankewa, ran Salla ana ɗinka mata atamfa. Yara su ce Inna ta Ɗaki, manya su ce Inna ta Ɗaki. Ni ce mai kai mata tuwon dare, shekara bakwai cur. In na yi sallama sai ta ce, "Kishiya, kin zo ki ga ko na mutu ki gaje mijin?" Mu yi dariya. Sannan ta kira ni da sunana na yanka, cikakke, yadda babana ke faɗar sa. Duk gidan ita kaɗai ke yin haka. Ga sauran ni Amarya ce, daga baya na zama Maman wane.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da ita, har ba ta iya ɗaga kai. Maigida ba ya gari. Ni da ƙanensa muka nemi mota muka kai ta wani asibiti a Tambuwal. Aka zaunar da ita a benci, na je wajen yankan kati. Malamin ya ɗauki biro, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Sunan mara lafiya?"

Na ce, "Inna."

Ya ce, "Inna wa?"

'Yar uwa, wallahi sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na buɗe baki, babu abin faɗa. Na juya na dubi ƙanen maigida, ya sunkuyar da kai. Ya ciro waya ya kira mahaifiyarsu, ta yi shiru can ta ce ita dai tun da ta zo gidan ta ji manya na ce mata Amarya, yara na ce mata Inna. Layi ya taru a bayana. Ga ni marubuciya, mai raɗa wa mutanen ƙarya sunaye masu daɗi, na zauna in yi ta zaɓe tsakanin Nabila da Ramlat, amma matar da na shekara bakwai ina durƙusawa gabanta da kwanon tuwo ban san sunanta ba. Ita kuwa ta san nawa har da na babana.

Na koma wajen benci na tsuguna, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Inna, don Allah ki gafarce ni. Sun ce sai an rubuta sunanki na yanka."

Ta buɗe ido ta dube ni, ta daɗe tana kallo na. Sai ta yi ɗan murmushi ta ce, "Ɗiyata, mi za su yi da shi? Sunan ga ai ya tsuhwa. Tun da anka kawo ni gidan ga ba wanda yat tambaye ni."

Ta jawo kaina ta raɗa mini a kunne, kamar yadda liman ke raɗa wa jariri. Na je na faɗa, aka rubuta.

Muka zauna jira. Can ma'aikaciyar jinya ta leƙo da kati a hannu ta ƙwala kiran sunan. Shiru. Ta sake kira. Inna na zaune tana kallon ƙasa, kamar da wata ake. Sai a na uku na ga ta zabura, ta ɗaga hannu, ta ce, "Na'am!" da wata irin murya siririya wadda ban taɓa jin ta da ita ba, muryar yarinya. Matan da ke kusa suka yi dariya. Ni kuwa na juya baya na goge ido da bakin mayafi.

Kwana uku muka yi a can. Da dare in zazzaɓin ya sauka sai ta yi ta ba ni labari. Ta ce ita 'yar fari ce, don haka ba ta taɓa jin sunan a bakin uwarta ba. Mijinta har ya koma ga Allah bai taɓa faɗar sa ba. Wadda ta yi mata kiran ƙarshe da shi wata ƙawarta ce da suke tallan fura tare, ran da za a ɗauko ta, ƙawar ta biyo bayan amarya tana kuka tana kiran ta har bakin gari. Ta ce, "In dare ya yi, wani lokaci ni kan hwaɗa ma kaina shi, don kar in mance." Na tuna da yadda ƙanwata ta yi wa matar littafina dariya, ta ce mai aljanu ce. Ashe ba aljanu ba ne.

Da muka dawo gida, in na kai tuwo, sai in leƙa in ga ba kowa, in yi sallama in kira ta da sunan, a hankali, in haɗa da Inna a gaba don ladabi. Ta ce, "Ja'ira, za ki sa a ce ba ki da kunya." Amma fuskarta ta nuna tana so. Ba ta ƙara shekara biyu ba Allah Ya karɓi abinSa. Ba zan rubuta sunan a nan ba, don a kunne ta ba ni shi, ban kuma nemi izininta in kai shi kasuwa ba. Yana nan cikin addu'ata, na kuma koya wa 'ya'yana shi. Tun ran da aka fita da ita, babu wanda ya sake kira na da sunana na yanka a gidan nan. Sai a lokacin na gane abin da take yi mini duk daren Allah, da dalilin da ya sa take yin sa.

To kin ji inda na samo maganin littafina. Na gane ashe ba mantuwa na yi ba a shafi 30 ɗin nan. Hannuna ya riga kaina gane gaskiya: macen da ba ta da mai kiran ta, sunanta ba shi da ƙofar shigowa labari. Sai na bar ta haka, maƙwabta na ce mata "matar gidan bakin gari", don mai karatu ta samu abin riƙewa. Har wata rana hadari ya taso, ruwa ya kece, wata 'yar talla ta faɗo zaurenta don fakewa. Matar ta jawo ta ciki, ta ba ta zani ta yafa, ta zuba mata ɗumame. Yarinyar na ci tana kalle-kalle, sai ta yi irin tambayar da yara kaɗai ke iya yi, ta ce, "Inna, ke mi sunanki?" Matar ta yi shiru, sai da ta lalubo shi kamar mai neman allura a cikin tsumma. Sannan ta ce, "Rakiya."

Rakiya, ga ta kuma shekara da shekaru ba mai raka ta ko bakin ƙofa. Daga wannan shafi ban sake rubuta "matar" ba, Rakiya nake rubutawa har ƙarshen littafi, don ta samu wanda ya san ta.

Ƙannena masu sha'awar rubutu, da yawa kukan tambaye ni ta ina ake farawa. Ga ɗan abin da na koya. In labarinki na gida ne mai cike da jama'a, ki faɗi suna tun layin farko, babu laifi, kada ki wahalar da mai karatu a banza. In kuwa kaɗaici ne ƙashin bayan labarin, to ki san Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma linzami sai da mai riƙe shi. Ki tambayi kanki, wa ya san sunan nan? Wa ke da bakin faɗar sa a al'adarmu? Uwa ba za ta faɗi na ɗan fari ba, mata ba za ta faɗi na miji ba, suruka ba za ta faɗi na suruka ba. In kika sa su suka faɗa, mai karatu za ta ji ƙarya ko ba ta iya nuna inda take ba. Kada kuma ki ja abin ya wuce kima, har a gaji a ajiye littafin. Ki riƙe shi daidai lokacin da wani zai damu ya tambaya, a nan ne zai yi nauyi.

Ke kuma uwargida da ba ruwanki da rubutu, nawa roƙon ɗaya ne. Akwai wata Inna ta Ɗaki a gidanku ko a maƙwabta. Wataƙila ita ke yi miki wankan jego, wataƙila ita ke kawo miki daddawa ko ta taya ki surfe. Yau in kin kai mata abinci, ki ɗan zauna, ki tambaye ta cikin ladabi. Kada ki bari sai gaban mai yankan kati, kamar yadda ya faru da ni. Ki tabbata 'ya'yanki sun san sunan kakanninsu mata na wajen uwa da na wajen uba, ko ba za su faɗa a gabansu ba, don wata rana za su buƙace shi wajen addu'a. Sannan ƙawarki ta ƙuruciya, wadda aure ya kai ta Jega ko Gummi ko Sakkwato kuka daina jin juna, ki nemi lambarta. In ta ɗauka kada ki ce Hajiya, kada ki ce Maman wane. Ki kira ta da sunan da kike kiran ta kuna 'yan mata a dandali, ki saurari yadda za ta amsa.

Allah Ya jiƙan Inna ta Ɗaki, Ya sa ta huta. Mu kuma Allah Ya bar mu da masu kiran sunanmu da alheri, muna raye da bayan ranmu. Amin.

Taku har kullum, daga Kebbe.